Narkewar Ƙanƙara Daban, Narkewar Gishiri Daban: Jagorar Rarrabe Kalmomin Turanci na Fashewa da Narkewa

Wata rana na raba wa 'yan ajin ƙarshe takardun gwajinsu a makarantar da nake koyarwa, nan cikin birnin Katsina. Ina fitowa sai wata ɗaliba ta biyo ni har bakin ofis riƙe da takardarta. Na ja jan layi ƙarƙashin kalma ɗaya a jimlar da ta rubuta, wato *The salt melted in the soup*. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Malam, don Allah ina kuskuren yake? Ai gishiri narkewa yake yi a miya." Na ce mata, "Ɗiyata, a Hausa kin yi daidai, ba mai ja da ke. Turanci ne ya raba narkewa gida-gida, mu kuma muka haɗe ta a kalma ɗaya."

Tun daga ranar na daina sa yara haddace jerin kalmomi da fassararsu. Ƙamus zai ce maka *melt* narkewa ce, *dissolve* ma narkewa ce, ya bar ka a inda ya same ka. Abin da ya fi amfani shi ne ka dubi abin da ake magana a kansa, ka tambayi kanka abu uku: mene ne shi, me ya same shi, kuma me ya rage bayan nan. Duk abin da ke biye bayani ne a kan waɗannan tambayoyi, ko kana shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, ko kana rubuta takarda a wurin aiki.

Mataki na farko: fara da Hausar da ke bakinka

Kada ka ɗauka Turanci ya fi Hausa tantance waɗannan abubuwa. Ba Bahaushen da zai ce ya karya tulu ko ya fasa sanda. Tulu fasa shi ake yi, sanda karya ta ake yi, igiya tsinkewa take yi, riga yagewa, bango darewa ko rushewa. Yaro ɗan shekara biyar a Ƙofar Guga ya san wannan ba tare da an kai shi aji ba. Bature kuwa yana iya amfani da *break* ga tulun da sandar baki ɗaya. Ke nan a wajen fashewa kunnenka ya riga ya horu, aikinka kawai ka nemo wa kowace kalmar Hausa abokiyarta. A wajen narkewa ne lamarin ya juye: mu muke da kalma ɗaya, su suna da uku. Shi ya sa zan fara da can, don nan ne aka fi faɗawa rami.

Mataki na biyu: zafi ne ya yi aikin, ko ruwa?

Idan zafi ne ya mayar da abu mai ƙarfi ya koma ruwa-ruwa, kalmar ita ce *melt*. Ƙanƙarar da mai zoɓo ya jefa a kula, man shanu a kasko, man kaɗe a tafin hannu, kakide, kyandir, kwalta a tsakiyar watan Afrilu, duk *melt* suke yi. Abin lura shi ne ba a ƙara musu komai ba. Man shanun da ya narke man shanu ne dai, idan sanyin hunturu ya buge shi zai sake daskarewa ya koma yadda yake.

Idan kuwa an saka abu cikin ruwa ne ya baje a ciki har ido ya daina ganinsa, kalmar ita ce *dissolve*. A nan dole a samu abu biyu, wanda aka saka da ruwan da ya karɓe shi. Tsaya wurin mai shayi a Ƙofar Ƙaura da safe ka kalli hannunsa: ya zuba sukari, ya juya da cokali, ya ɗaga kofi ya sheƙa a wani kofin sau biyu ko uku, sukarin ya ɓace. Yana nan a ciki, harshenka zai shaida, amma ya zama ɗaya da shayin. *The sugar dissolved in the tea.* Haka gishiri a miya, haka kanwar da aka jiƙa a kwano, haka garin sabulu a bokiti, haka gishiri da sukarin da ake haɗa wa yaro mai gudawa.

Hujjar da na ba wa ɗalibar nan ita ce ta lissafi, kuma ita ce ta zauna mata. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Gishiri kuwa ba ya yin *melt* sai zafi ya kai digiri 801, alhali miyar da ke kan murhu ba ta wuce wajen digiri 100 komai yawan itacen da aka tura mata. To ta yaya zafin miya zai narka gishiri? Ruwan miyar ne ya yi aikin. Ƙarin shaida, zuba gishiri a ruwan randa mai sanyi ka juya, zai ɓace duk da babu wuta. Ka shanya ruwan a faranti cikin rana, ruwan ya ƙafe, gishirinka ya dawo fari fat.

Akwai gwajin da nake so ƙwarai domin kowace mace da ke dama koko ta san shi. Idan aka dama gasara da ruwan sanyi aka ajiye, bayan ɗan lokaci sai ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Wannan ba *dissolve* ba ne, cuɗanya ce kawai, *mix*. Haka fura a nono: ludayi yana farfasa ta, *mash* ko *break up*, amma tana nan da gudajinta. Duk abin da zai kwanta a gindin kwano idan an bar shi, bai yi *dissolve* ba. Kanwa ma ka lura da ita, ita tana bajewa a ruwan, yashin da ke jikinta ne yake kwantawa.

Sukari yana iya yin duka biyun. A cikin shayi *dissolve* ne. Amma idan aka ɗora shi shi kaɗai a busasshen kasko har ya zama ruwa ya yi ja, wannan *melt* ne. Ƙanƙara kuma ko a cikin zoɓo aka jefa ta, *melt* za ka ce, domin ɗumin zoɓon ne ya narka ta. Gaskiya ne za ka ji Turawa suna cewa abu *melts in the mouth* idan suna yabon laushinsa, amma wannan salon magana ne da ya zauna haka, kada ka gina doka a kansa.

Ta uku ita ce *thaw*, kuma mu nan ba mu saba da ita ba saboda ba mu da dusar ƙanƙara. Amma muna da firiza. Idan ka fito da kaza ko kifin da ya daskare ka ajiye shi ya saki, kazar ba ta zama ruwa ba, ƙanƙarar jikinta ce ta narke, ita kuma ta yi laushi. To ƙanƙarar ta yi *melt*, kazar ta yi *thaw*. Ana kuma cewa *defrost*, musamman idan da gangan aka yi. Wanda ya rubuta *The chicken melted* ya ce kazar ta koma ruwa ke nan.

Kafin mu bar wurin wuta, leƙa maƙera. Masu zubin tukwane suna tara gwangwanaye da tarkacen alminiyam su narka su, su zuba a mazubin ƙasa. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, dalma a 327, zinariya a 1064, baƙin ƙarfe kuwa sai 1538. Duk wannan *melt* ne, ko *melt down* idan tsohon kaya aka narka don a sake ƙera wani. Amma aikin da kakanninmu suka yi na ƙona tama don fitar da ƙarfe daga cikinta, sunansa *smelt*. Harafi ɗaya ne ya raba su, masu shirya jarrabawa kuma sun san da haka. Sannan narkakken ƙarfe *molten metal* ake ce masa, narkakken man shanu kuwa *melted butter*. Ana ajiye *molten* ga abin da sai da zafi mai tsanani yake narkewa, kamar ƙarfe da gilashi da dutse.

Mataki na uku: dubi abin da ya rage a ƙasa

Yanzu mu koma fashewa. *Break* ita ce uwa, idan ka rasa ta cewa ka kama ta, da wuya ka yi kuskure. Sai dai mai gyaran takarda yana neman wadda ta fi dacewa, kuma hanyar gano ta ita ce duba ɓarnar.

Idan abu ya tsage amma bai rabu ba, *crack* ne. Fuskar wayar da ta faɗi tana aiki amma da zane a jikinta, bangon ɗaki da ya dare, ƙasar fadama da ta tsattsage da rani, dunduniyar da faso ya kama da hunturu. Mai shayi ma *crack* yake yi wa ƙwai a bakin kofi. Idan kuwa abu mai ƙarfi marar lanƙwasa ya tarwatse nan take ya zama ɓaraguzai ƙanana, *shatter* ne: kofin gilashi a kan siminti, madubi, tangaran. *Smash* ta yi kusa da ita, amma hankalinta yana kan ƙarfin dukan da ƙarar da aka ji. Shi ya sa ake cewa *The thief smashed the window and the glass shattered*, ta farko tana faɗin abin da ɓarawon ya yi, ta biyu abin da ya sami gilashin.

*Split* rabuwa ce ta tsaye, bisa tsawon abu ko bisa layin da ke jikinsa. Mai faskare yana *split* ɗin itace, goro yana rabuwa biyu ta wurin tsagarsa, wando yana iya buɗewa ta ɗinki. *Snap* kuwa karyewa ce ko tsinkewa farat ɗaya da ɗan sauti, ƙas, kamar karan dawa ko igiyar guga da ta gaji. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a Turancin Najeriya. Muna cewa *The rope has cut* ko *My slippers have cut* saboda muna fassara tsinkewa. A daidaitaccen Turanci *cut* tana bukatar wuƙa ko almakashi da mai riƙe da su. Igiyar da ta tsinke da kanta *snapped* ta yi, ko *broke*.

Sauran ba su da wuya. Takarda da tufafi *tear*, idan da ƙarfi ne *rip*. Abin da iska ko ruwa ya cika har ya fashe daga ciki, kamar taya da balan-balan da bututun famfo, *burst*. Abin da aka danne ko aka murƙushe, *crush*. Ƙashin da za a kai wa mai ɗori *break* ne a bakin kowa, *fracture* a takardar likita.

Mataki na huɗu: farat ɗaya ne, ko a hankali?

Duk wanda ya bi ta gefen abin da ya saura na ganuwar Katsina ya ga darasin nan da idonsa. Kowace damina ruwa yana cin jikinta, wannan *erode* ne, zaizayewa. Ka kai hannu ka taɓa, ƙasar ta marmashe ta zubo, wannan *crumble* ne. Kalmar 'yar'uwar *crumb* ce, wato ɗan marmashin burodi, kuma tana tafiya da busasshen abu mai saurin zama gari: tsohon tubali, biskit, busasshen ganye. Uwargida tana *crumble* ɗin dunƙulen Maggi da yatsunta a kan tukunya, sannan ya yi *dissolve* a cikin miyar. Ka riƙe wannan misali, kalmomi biyu ne a aiki ɗaya.

Ranar da katanga ta gaji ta zube gaba ɗaya cikin dare, ko soro ya rufta, wannan *collapse* ne. Idan kuwa mutane ne suka zo da diga ko katafila suka rushe da niyya, *demolish* ne ko *pull down*. Hausa tana cewa ya rushe da an rushe shi, Turanci yana canja kalmar ɗungurungum.

*Disintegrate* ta fi su nauyi, kuma an fi ganinta a rubuce. Tushenta na Latin yana nufin abu cikakke, *dis* ɗin da ke gaba kuma yana warware cikar. Ana amfani da ita idan abu ya wargaje har ba a iya cewa ga shi: kwalin da ya kwana a ruwa, tsohon littafin da gara da laima suka gama da shi. Da ita aka bayyana abin da ya sami kumbon Amurka mai suna Columbia, wanda ya tarwatse a sama ranar 1 ga Fabrairu, 2003 yana hanyar dawowa duniya. Abin da yake da rai a da kuwa, kamar tumatir ko mushe, ruɓewa yake yi: *rot* a maganar yau da kullum, *decay* ga haƙori da itace, *decompose* a ajin kimiyya.

Mataki na biyar: idan maganar ta bar kaya ta koma kan mutane

Nan ne fassara kai tsaye take yin ɓarna mafi muni. A labaran rediyo muna jin an ce gwamna ya rusa majalisar zartarwa. Ɗalibi sai ya rubuta *demolished*, ya mayar da kwamishinoni gini. Abin da ake cewa shi ne *The governor dissolved the cabinet*. Dalili kuwa, asalin *dissolve* a Latin kwancewa ne, to duk abin da doka ta ɗaure doka ce ke kwance shi: majalisa, kwamiti, kamfani, aure a gaban alƙali. Da ita ake faɗin ƙarshen Tarayyar Sobiyat a watan Disamba na 1991. Yugoslabiya kuwa, da ta yi ta ɓallewa gunduwa-gunduwa cikin yaƙi a shekarun 1990, an fi cewa *disintegrated* ko *broke up*. Jiharmu ma misali ce: a 1987 aka raba tsohuwar Jihar Kaduna aka fitar da Katsina, *Kaduna State was split in two*. Yankin da ya ɓalle da kansa kuma *break away* ya yi.

Ƙananan kalmomin da ke bin *break* suna juya ma'anarta gaba ɗaya, don haka ka koye su tare da abokan tafiyarsu. Mota da injin niƙa da tattaunawar sulhu suna *break down*, haka mutumin da kuka ya ci ƙarfinsa. Motar da ta mutu a hanyar Daura ba *spoilt* ta yi ba, kamar yadda muka saba faɗa, *It broke down*. Taro da ƙawance suna *break up*, kuma wanda ya shiga tsakanin masu dambe ya raba su *broke up the fight*. Gobara da yaƙi da annoba suna *break out*. Ɓarawo yana *break into* gida. Reshe yana *break off* daga bishiya.

Watsewar jama'a ma kala-kala ce. An sallame sallar Idi kowa ya kama hanyar gida, *The crowd dispersed*. Doki ya ƙwace a wajen hawan sallah mutane suka tarwatse a guje, *They scattered*. Amma idan mutane suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya lura, kamar 'yan kallo da aka ce a kawo gudummawa, to *They melted away*. Tsoro da fushi ma suna *melt away*, kuma zuciyar da tausayi ya kama tana *melt*. Hazo da hayaƙi suna *clear* ko *dissipate*. Atamfar da rana ta ci ta koɗe *faded*. Fetur da aka bari a buɗe *evaporated*, tafkin da ya ƙafe *dried up*. Abin da ya ɓace ɓat kuwa *vanished*, wadda ta fi *disappeared* nuna sauri da mamaki.

Mataki na shida: gyara siffar aikatau

Kana iya zaɓen kalma daidai ka faɗi a nan. *Break, broke, broken. Tear, tore, torn.* Amma *split* da *burst* ba sa canjawa ko kaɗan, jiya da yau duk ɗaya ne. Babu *splitted*, babu *bursted*, kuma na fi ganin waɗannan biyun a takardun yara fiye da kowane kuskure a wannan babi.

Abu na biyu, Hausa tana sauya ƙarshen aikatau don nuna ko wani ne ya yi aikin: na fasa tulu, tulu ya fashe, na karya sanda, sanda ta karye. Turanci ba ya sauya komai, *I broke the pot* da *The pot broke*. Haka *melt, dissolve, crack, shatter, split, tear* da *crumble*, duk suna tafiya ta hanyoyin biyu. Sai dai ka kula, *The pot was broken by the boy* tana nuna akwai wanda ya fasa, *The pot broke* kuwa ba ta ɗora wa kowa laifi. *Vanish* ba ta karɓar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ba a cewa *He vanished the money*. *Demolish* kuma dole sai da shi, gini ba ya *demolish* da kansa. Ƙamus mai kyau irin na Oxford na masu koyo yana nuna wannan a gaban kowace kalma, *transitive* ga so-karɓau, *intransitive* ga ƙi-karɓau. Ka saba duba wurin kafin ka rufe littafin.

Mataki na bakwai: gwada a gida

Samu ƙaramin littafi ka yi mako guda kana rubuta duk abin da ya fashe ko ya narke a gabanka, da Hausa tukuna, sannan ka yi tambayoyin nan uku ka sa Turancinsa. Jimla cikakkiya za ka rubuta, da sunan abin a ciki, domin kalmar da aka koya tare da abokiyar tafiyarta ita ce ke zama a kai. Madafa ta fi ko'ina yawan misalai, don haka zauna kusa da Inna ko Yaya lokacin girkin dare.

Ga biyar ka fara da su, ka rufe amsar da hannu. Kanwa ta narke a ruwa. Igiyar shanya ta tsinke. Tayar babur ta fashe jiya. Alƙali ya raba auren. Katangar makwabtanmu ta rushe da damina.

Ta farko *dissolved*, domin ruwa ne ya yi aikin. Ta biyu *snapped*. Ta uku *burst*, ba ƙarin komai a ƙarshenta duk da jiya ne. Ta huɗu *dissolved* kuma, wannan karon ta fuskar shari'a. Ta biyar ce nake so ka tsaya a kanta, don Hausar ba ta gaya maka yadda abin ya faru ba. Idan ruwan dare ɗaya ne ya kayar da ita, rubuta *collapsed*. Idan tun farkon damina take zubowa kaɗan-kaɗan har ta ƙare, rubuta *crumbled away*. Idan ba ka sani ba, fita ka tambayi mai katangar.